Kalmar da ke Jikin Motar Shara

Da Oronzo ya san abin da kalmar nan za ta ci masa, da tun a ofishin Sista Fiorenza ya ajiye biro ya ce a bar shi ya je ya yi tunani. Jikinsa ya ba shi kuwa. Sai dai mutum ne da jikinsa ke ba shi a kan komai, daga tarin 'yarsa har ƙarar tukunyar gas, har ya saba da ƙaryata kansa tun kafin wani ya ƙaryata shi.

A kan 'yarsa Noemi aka kira su. Tana aji uku a sakandaren da sistoci ke riƙe da ita a bayan babban coci. An haife ta da shanyewar ɓarin hagu, hannun a lanƙwashe, ƙafar tana ja. Magana na fito mata a hankali, lissafi na ba ta wuya, amma abin da ta karanta ya zauna. Tun rasuwar uwarta, sai Cesaria, yayar Oronzo, ta zama bakin gidan a makaranta, don ta yi karatu fiye da shi kuma ta daɗe tana koyar da yara addini a coci. Shi nasa zuwa ya zauna da hula a gwiwa.

Sista ta yaba yarinyar, ta ce akwai ladabi, akwai haƙuri. Sannan ta ce bana darussa sun yi nauyi, shi ya sa suke ganin a mayar da ita tsarin differenziata.

Dariya ta kuɓuce wa Oronzo. Ya ce, "Sista, ai wannan kalmarmu ce. A jikin motarmu take."

Gaskiyarsa ne. Kwashe shara yake yi, kuma kalmar da ke rubuce da koren fenti a jikin motar ke nan, warewa: roba daban, takarda daban, kwalba daban, ragowar abinci daban.

Cesaria ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. "Yi haƙuri, Sista. Ƙanen nan nawa ko a gaban bagadi shara yake gani."

Sista ta yi murmushi ta ce kalma ɗaya ce amma ma'ana biyu. Tsari ne da za a ɗinka daidai jikin Noemi. Ba sauran kuka a kan jarrabawa, ba aikin gida mai hana barci, za a rage mata sa'o'i don kada ta gaji, kuma a ƙarshe za ta fita da takardar shaida. Kunnen Oronzo ya kama "takardar shaida" ya riƙe. A gefe akwai wata matashiyar malama, Ornella, wadda aka ɗauka don ta riƙa zama kusa da Noemi a aji tana tallafa mata. Tun da aka fara ba ta ɗaga ido daga hannuwanta ba. Ya lura da hakan, bai so ba, amma yayarsa ta riga ta tura masa biro tana cewa sauƙi ne aka yi musu, ya gode wa Allah. Ya sa hannu.

Daga makon nan Noemi ta fara dawowa gida tun kafin rana ta take.

A ɗakin ƙasa mahaifiyarsu take kwance, ba ta tashi tun da jini ya buge ta. Ana juya ta don kada bayanta ya yi miki, ana canza mata zani, ana ba ta abinci a cokali. Cesaria ce ke yi, ita kaɗai, shekara da shekaru. Yanzu da Noemi ke gida da wuri, sai aka fara da ƙanana. Noemi, miƙa wa Kaka ruwa. Noemi, zauna da ita in leƙa kasuwa. Oronzo kan dawo daga aiki ya tarar da ita a bakin gadon tana goge wa tsohuwa baki, har abin ya ba shi sha'awa da farko.

Jakar ce ta fara tsaya masa a rai. Wata safiya ya ɗaga ta don ya gyara wuri, ya ji ta sakayau. Da can sai ya yi mata tsiya cewa duwatsu take ɗauka zuwa makaranta. Ya tambayi Cesaria ina littattafan. Ta ce sabon tsari ne, a can suke barin komai, ya daina leƙen jakar mata.

Sai warin man zafi. Wanda ake shafa wa Kaka a gaɓoɓi, shi yake ji a hannun Noemi idan ta miƙo masa burodi. Sai bayanta, da ta fara dafawa idan za ta miƙe. Sai kuma labaran da suka ƙafe. A da, tana cin abinci tana ba shi labarin abin da suka karanta, wai ƙwaƙwalwar jariri kaza, wai yaro kan koyi magana ta kaza, don burinta ta zama malamar 'yan ƙanana. Ba ya fahimtar rabi, yana dai gyaɗa kai yana jin daɗi. Yanzu idan ya ce me aka koya yau, sai ta ce ba komai, ta ci gaba da juya cokali a faten wake.

Cesaria kuwa ta sake. Ta koma zuwa addu'ar carbi ta mata kowace yamma, ta je an gyara mata gashi, har ta bi motar coci zuwa ziyarar wani waliyyi ta wuni. Oronzo bai yi mata baƙin ciki ba. Ya san ta wahala. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne yadda hutunta ya faro daidai da ranar da ya sa hannu.

Ya yi mata maganar a kaikaice, ta ce motsa jiki ne, likita ma ya ce hannun yarinyar na son aiki. Wani jikon ta ce lada take samu, ba kowa Allah ke ba damar hidimar tsoho ba. Da ya sake, ta ajiye wuƙa ta kalle shi. "Oró, kai dai ba ka jin daɗi sai kana zargin wani. In babu wanda za ka zarga, inuwarka za ka kama."

Ya bar maganar, don an saba gaya masa haka kuma sau da yawa gaskiya ne.

Abokin aikinsa Pantaleo, mai tuƙa motar, ya gaji da ganin fuskarsa a murtuke. Ya ce in mutuwa zai yi ya bari sai ranar kwashe ragowar abinci, kada ya ɓata musu lodin roba. Oronzo ya ba shi labari sama-sama. Pantaleo ya ce shi bai san harkar makaranta ba, ajinsa biyar ya gudu, amma abu ɗaya ya sani, duk ranar da masu karatu suka yi maka magana da tattausar murya, ka taɓa aljihunka.

Ranar kwashe roba, zagayensu kan bi ta ƙofar baya ta makarantar. Oronzo bai taɓa leƙawa ba, don Noemi ta roƙe shi tun tana aji ɗaya kada ya riƙa ɗaga mata hannu cikin rigar aiki. Ran nan ya ja kwandon sharar ya tsaya. Tagar ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofar a buɗe take. Ga Noemi zaune ita kaɗai a tebur, gabanta babban buhu cike da murafan gorar ruwa, waɗanda yara ke tarawa ana sayarwa don gina rijiyoyi a ƙasashen mishan. Tana tsamo su ɗai-ɗai da hannun dama, shuɗi a wannan kwali, fari a wancan, ja a na gefe. Daga bene yana jiyo muryar malami da amsar 'yan aji.

Ya tsaya har Pantaleo ya danna oda. Bai bari ta gan shi ba. Ya hau bayan mota, idonsa a kan koren rubutun nan, kamar yau ya fara ganinsa.

Da ya tashi aiki bai je gida ba. Ya wanke hannu a famfon dandali ya koma ƙofar makaranta ya jira Malama Ornella. Da ta gan shi ta waiga baya tukuna, sannan ta ce su taka zuwa inda ta ajiye mota.

Ya ce mata shi bai yi karatu mai nisa ba, ta gaya masa da irin maganar da zai gane. Ta ce hanya biyu ce ga yaro irin Noemi. Ta farko sunanta sauƙaƙawa. Darasin aji ne dai, a rage masa tsawo, a ƙara mata lokaci, ta amsa da baki inda rubutu ya gagare ta, kuma a ƙarshe ta zauna babbar jarrabawa ta karɓi difloma kamar kowa. A kan wannan Noemi take tun shigarta, kafin a sauya mata. Ta biyu ita ce warewa. Darasi daban, ma'auni daban, a ƙarshe takarda ce mai cewa ta halarci makaranta ta koyi abu kaza. Ba a shiga jami'a da ita. Ba a zama malama da ita.

"Amma Sista ta ce takardar shaida."

"Shaida ce. Ba difloma ba ce."

Ya tambaya ko Noemi ta gaza ne. Malamar ta ce akwai yaran da warewa ce rahamarsu, ta ga waɗanda ta raya. Noemi ba ta cikinsu. Lissafi ne kawai ke kayar da ita, kuma tana tashi. Ita ta faɗi haka a taron malamai, aka ce mata iyali ne suka nema. Ta ƙara da cewa Malama Cesaria ta zo sau da yawa kafin taron, ta ce uban ba ya barci saboda wahalar da yarinyar ke sha, shi ne ya roƙa a sauke mata, kunya ce ta hana shi faɗa da bakinsa.

Sannan ta roƙe shi kada ya ce daga gare ta ya ji. Aikinta na shekara-shekara ne.

Ya tarar da Cesaria a kicin tana murza taliya, tana danna kowace da ɗan yatsa ta lotsa kamar kunne. Ya rufe ƙofa don kada maganar ta kai ɗakin ƙasa. Ya ce, "Yaya, yaushe na ce miki a sauke wa Noemi karatu?"

Hannunta bai tsaya ba. Ta ce ba sai ya faɗa ba, ita ta raine shi, ta san abin da ke ransa.

"Kin san babu difloma a ciki?"

"Na sani."

Ya yi zaton za ta musa. Da ta amsa kai tsaye sai ya rasa ta inda zai kama. Ita kuwa ta samu hanya. Ta ce difloma ta mece ce? Masu hannu biyu da ƙafa biyu ma suna zaune a dandali da difloma a aljihu. Wace uwa ce za ta miƙa ɗanta ga malamar da ba ta iya ɗaura masa igiyar takalmi? Gara a gaya wa yarinya gaskiya yanzu da duniya ta gaya mata da dariya. A gidan nan aƙalla tana da amfani, tana da gurbi, ba wanda zai kore ta.

Ya ce ai ba a tambayi Noemi ba.

"Ni wa ya tambaye ni?" Ta buga sandar murji a tebur, gari ya tashi. "Ran da Mama ta faɗi, wa ya ce Cesaria kina so? Kai ka tafi aikinka, ni na shiga ɗakin can ban fito ba. Bayana ya mutu, Oró. Ban ce ka kawo baƙuwa ta tuɓe uwarmu ba, jikarta na sa, jininta. Kuma ka tuna, ban riƙe maka hannu ba. Kai ka rubuta sunanka."

Wannan ta same shi. Duk abin da ta faɗa game da kanta gaskiya ne, ya sani. Sai dai ya ga inda ta sauke kayan, a kan wadda ta fi kowa rauni a gidan, wadda ba ta iya ce wa babba a'a.

Washegari da rana ya hau rufin soro inda ake shanya. Noemi na can da zannuwan gadon Kaka, jiƙaƙƙu masu nauyi. Ta cije maƙalin shanya a haƙori, ta danne zani da kafaɗar hagu, tana jan ɗaya gefen da hannun dama. Wuyan hannun ya kumbura, ta naɗe shi da tsumma. Hannun da take rubutu da shi ke nan, shi kaɗai gare ta.

Ya karɓi zanin ya shanya. Ya tambayi hannun, ta ce Kaka ce ta zame mata jiya wajen juyawa, ta tare ta. Ta ce kada ya gaya wa Goggo, za ta ce ba ta iya ba.

Ya zauna a kan bokiti ya ce ya ga ta ranar murafai. Ta sunkuyar da kai. Ya ce ta san me ake nufi da tsarin da aka sa ta?

Ta ce ta sani tun ranar farko. Duk ajin sun sani. Wasu ma har suna ce mata 'yar gado, uba na warewa, 'ya an ware.

"Me ya hana ki gaya min?"

Ta daɗe kafin maganar ta fito, yadda takan yi idan kalmomi suka cushe mata. "Baba, kai ka sa hannu. Kuma kalmarka ce, kullum da ita kake aiki. Na ɗauka ka sani." Ta goge hanci da tsumman hannunta. "Na ɗauka ka duba ne ka ga ba zan iya ba."

Oronzo ya kalli rufin maƙwabta, ya kalli hasumiyar coci. Watanni yarinyar nan tana zuba masa abinci, tana ce masa sannu da aiki, tana ɗauke da wannan a ciki. Ya so ya ce mata yaudararsa aka yi, sai ya ga ko ya faɗa bai wanke komai ba. Ya ce mata kawai bai sani ba, ya kamata ya tambaya bai tambaya ba, kuma bai taɓa duba ta ya ga ba za ta iya ba, ko sau ɗaya.

Ba ta ce ta yarda ba. Ta miƙo masa maƙali.

Ya koma wurin Sista Fiorenza shi kaɗai, da rigar zuwa coci. A hanya yana ta maimaita kalmomin kada su ɓace masa. Ya zauna ya ce ya janye yardarsa ga warewa, yana so a mayar da 'yarsa kan sauƙaƙawa.

Sista ta cire tabarau. Ta ce ta yi mamaki, ai an yi masa bayani. Ya ce an yi, amma ba a ce masa babu difloma ba. Ta ce ta ambaci takardar shaida, kuma yayarsa mace ce mai fahimta, ta ɗauka an ƙarasa maganar a gida. Ta ce makarantarsu ba ta taɓa rufe wa nakasasshe ƙofa ba, alhali wasu na yi. Murafan kuwa aiki ne na koyon natsuwa da tsari, ba wulakanci ba. Ta ce ya yi tunanin zuciyar yarinyar idan ta koma ta faɗi.

Ya ce faɗuwar ma a bar mata, tata ce.

Ta ce ba ita kaɗai ke yankewa ba. Sai malaman aji sun zauna, kuma mai yiwuwa sai Noemi ta yi gwaji a kan duk abin da ya wuce ta tun da aka ware ta. Ta faɗi haka da tattausar murya, ta raka shi har bakin ƙofa, ta ce za ta sa su a addu'a.

A ranar ya kwaso littattafan daga ƙasan kabad ɗin Cesaria inda ya same su a jere cikin leda. Ya ɗora su a teburin cin abinci. Ya gaya wa yayarsa cewa daga yau idan ya tashi aiki shi zai shiga ɗakin ƙasa, shi zai juya, shi zai wanke. Ta ce namiji ba ya tuɓe uwarsa. Ya ce zai koya, kuma zai rufe ido inda ya kamata. Ta ce za ta ga kwana nawa zai yi. Tun daga nan ba ta ƙara zuba masa kofi ba.

Ba wanda ya daki Noemi, ba wanda ya hana ta abinci. Da ta kai ƙara ma ba ta da tabon da za ta nuna sai kumburin hannu. An dai zauna a ɗaki mai tsabta, ƙarƙashin hoton Maryamu, mutanen da ke ƙaunarta suka zaɓa mata kalma, mai buƙatar hutu ta kawo, mai son aji ya tafi sumul ta karɓa, wanda ya kamata ya tambaya ya ji kunyar jahilcinsa ya sa hannu. Kowa ya tashi da hujjarsa. Ita ce kawai ba a kira ɗakin ba.

Yanzu da yamma takan zauna gaban littattafan, Oronzo na ɗakin ƙasa yana fama da zani, yana kasa kunne ko zai ji ƙarar buɗe shafi. Wani lokaci yana ji. Wani lokaci shiru ne mai tsawo.

Malaman ba su zauna ba tukuna. Bai san me za su yanke ba, bai san ko kumburin hannun Noemi zai saɓe kafin gwaji ba, bai san ko bayansa zai ɗauki abin da ya karya na yayarsa ba. Kuma har yau bai sani ba ko Noemi ta yarda cewa da gaske bai san ma'anar kalmar ba.